Bashin da ke kan masu tonon kufan Girka

A watan Maris na 1900 wani Bature ɗan Ingila mai suna Arthur Evans ya kafa diga a tudun Knossos da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka. Ba a yi wasu makonni ba leburorinsa suka soma fito da 'yan allunan yumɓu, yawancinsu ba su fi tafin hannu ba, ɗauke da rubutun da babu mai rai da ya iya karanta shi. Kafin a tashi daga aikin, allunan da gutsattsarinsu sun kai dubbai. Evans ya ƙara shekara 41 a duniya bayan wannan. Ya rubuta manyan mujalladai a kan fadar da ya tono, ya sake tayar da wasu sassanta da siminti, ya yi suna har Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma. Amma ranar da ya mutu a 1941, yana ɗan shekara 90, allunan da ya yarda aka buga duniya ta gani ba su kai 200 ba. Burinsa ya zama shi ne zai warware rubutun. Bai warware ba, bai kuma sakar wa wani ya gwada ba. Da wani masani ɗan ƙasar Finland, Johannes Sundwall, ya je gidan adana kayan tarihi na Heraklion ya kwafi 38 daga ciki ya buga, Evans ɗaukar abin ya yi tamkar an shiga masa gona.

Ni a ganina wannan cin amana ne, ko da kuwa wanda ya yi shi babban malami ne mai kyakkyawar niyya. Duk wanda aka ba izinin tona kufai, bashi ya ɗauka, kuma ba ya sauke shi sai ranar da ya shimfiɗa abin da ya gani a gaban kowa. Jinkirin fassara da sharhi ana iya yi masa uzuri. Kulle ainihin kayan ne ba shi da uzuri.

Dalilin yana cikin yanayin aikin kansa. Tono rushewa ne. Ƙasar kufai hawa-hawa take, na ƙasa ya girmi na sama, kuma kowane abu darajarsa tana ga inda aka same shi. Tsingaron da aka tsinta a ƙarƙashin daɓen ɗaki yana shaida cewa an fasa tukunyar kafin a yi daɓen. Tsabar kuɗin da ta maƙale a harsashin bango tana faɗin cewa bangon bai girmi sarkin da ke jikinta ba. Da zarar an kwashe ƙasar, an tankaɗe, an zubar, shi ke nan, ba mai mayar da ita yadda take. Mai gwaji a ɗakin kimiyya idan an yi masa gardama sai ya sake gwajin. Mai tono ba shi da wannan gatan. Matsayinsa na shaida ne guda ɗaya tilo a shari'ar da ba za a sake zama a kanta ba: in ya mutu bai faɗi abin da idonsa ya gani ba, magana ta bi shi kabari. Kayan da ya bari a ma'ajiya sai su koma tarkace masu kyan gani, ba a san daga wane rami ko wane hawa suka fito ba. Su kansu kayan ba jira suke yi ba. Allunan Knossos ɗanyen yumɓu ne aka shanya, gobarar da ta ci fadar ce ta gasa su bisa tsautsayi, wasu ma ba su gasu sosai ba. Evans da kansa ya ba da labarin yadda ya ajiye wasu a ɗakin da rufinsa ke yoyo, aka yi ruwa da dare, da safe ya tarar sun zama taɓo.

Wadda rowar Evans ta fi cuta ita ce Alice Kober, malamar harsunan da a wata kwaleji da ke Brooklyn a Amurka. Da rana tana koyarwa, da dare tana zaune a teburin gida tana ƙirga alamomin rubutun, wace ke bin wace, wace ke zuwa a farkon kalma, wace a ƙarshe. Lokacin yaƙin duniya na biyu ne, takarda ta yi wuya, don haka ta riƙa yanka katuna daga tsofaffin takardun jarrabawa da katunan gaisuwa, har suka kai wajen 180,000, tana jera su a kwalayen taba sigari. Da 'yan allunan nan da ba su kai 200 ba ta gano cewa ƙarshen kalmomin yana sauyawa bisa ƙa'ida, wato harshen yana da nahawun da za a iya bin sawunsa. Sai a 1947 ta samu shiga takardun Evans a Oxford, inda tsoho John Myres ya gaji aikin buga su, ta zauna cikin tsananin sanyi tana kwafa da hannu. Daga baya Myres ya jibga mata wahalar gyara masa littafin, aikin da ya cinye mata sauran ƙarfinta. Ta rasu a 1950 tana da shekara 43.

Dubi abin da ya faru da aka buɗe ƙofa. A 1939 Ba'amurke Carl Blegen ya soma tono a Pylos da ke kudancin Girka, ramin farko kuwa ya faɗa kan ɗakin ajiyar bayanan fadar, ya samu alluna wajen 600 masu irin wannan rubutu. Yaƙi ya tsayar da aikin, amma ɗalibinsa Emmett Bennett ya buga su a 1951. A farkon 1952 littafin Myres na allunan Knossos ya fito. Ranar 1 ga Yuli na wannan shekarar, wani matashi mai zanen gine-gine, Michael Ventris, wanda ko malamin jami'a ba shi ba ne, ya sanar a rediyon BBC cewa rubutun Girkanci ne, tsoho ƙwarai, wanda ya riga waƙoƙin Homer, shahararren mawaƙin tsohuwar Girka, da ɗaruruwan shekaru. Shekara hamsin ana kulle, watanni kaɗan bayan buɗewa ƙulli ya kwance.

Wani zai ce ai sa'a ce, ko da Evans ya buga tun 1910 ba lallai a samu mai warwarewa ba. Gaskiya ne ba wanda zai rantse. Amma yadda Ventris ya bi ya isa wurin yana nuna nauyin samun kaya da yawa a hannu. Ya lura akwai kalmomin da ke maimaituwa a allunan Knossos waɗanda ba sa fitowa ko kaɗan a na Pylos, sai ya yi zaton sunayen garuruwan Kirit ne. Ya gwada, sai ga Knossos, ga Amnisos, ga Tylissos. Wanda ke riƙe da alluna ɗari da 'yan kai ba zai taɓa ganin wannan ba. Akwai kuma bambancin hali. Ventris duk matakin da ya taka sai ya buga shi a takarda ya aika wa sauran masu neman abin da yake nema, har da zatonsa da ya zo ya zama kuskure, don ya daɗe yana tsammanin harshen dangin na Etruskawa ne, wasu mutanen tsohuwar Italiya. Blegen shi ma, da ya wanke wani sabon allo a 1953 ya gwada karanta shi da ma'aunin Ventris, ya ga zanen tukunya mai ƙafa uku kuma kalmar da ke gefenta ta fito daidai da sunan irin wannan tukunya a Girkanci, bai ɓoye don ya riga kowa ba. Wasiƙa ya rubuta wa Ventris. Allon nan ne ya rufe bakin yawancin masu shakka. Abin da ke cikin allunan kuwa ba waƙa ba ne ba tarihin sarakuna ba, lissafin tumaki ne da ulu da man zaitun da ƙafafun keken doki da abincin mata masu saƙa. Evans, wanda ya yi imani har ya mutu cewa mutanen fadarsa ba Girkawa ba ne, da bai ji daɗin sakamakon ba. Ina ganin wannan ma wani dalili ne da ya sa bai kamata a bar shaida a hannun mutum ɗaya ba: mai kayan yana da ra'ayin da yake karewa.

Kada a ɗauka halin mutanen da ne ya wuce. A 1962 masu aikin hanya a Derveni, kusa da Tasalonika, suka ci karo da kaburbura. A cikin tokar wutar da aka ƙona wani mamaci aka samu naɗaɗɗiyar takardar papirus, irin takardar mutanen da, da ta zama gawayi, an rubuta ta wajen shekara 340 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sharhin falsafa ne a kan wata waƙar addini. Ita ake ɗauka littafi mafi tsufa da ya tsira a Turai. Wani gwani daga Vienna ya ɓamɓare ta zuwa gutsattsari fiye da 200. Malamin da aka damƙa wa haƙƙin bugawa ya rasu bai buga ba, haƙƙin ya koma hannun wasu. A 1982 wata mujalla a Jamus ta gaji da jira ta buga matanin ba izini, ba sunan kowa a kai, kuma da wannan kwafin na bayan fage masana suka yi ta aiki shekara da shekaru. Bugun hukuma sai 2006 ya fito, bayan shekara 44. Ɗalibin da ya ji labarin takardar yana ɗan shekara 25 ya kai ga ritaya kafin ya ga hotunanta cikakku.

To, masu jinkiri suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. A 2015 Sharon Stocker da Jack Davis na Jami'ar Cincinnati suka tono kabarin wani jarumi a Pylos da ba a taɓa sata a cikinsa ba. Cikin kayan akwai wani ɗan dutse da bai kai santimita 4 ba, farar ƙasa ta lulluɓe shi, an ɗauka tsakiyar ado ce kawai aka ajiye gefe. Sai da aka yi kimanin shekara ana kankare shi a hankali kafin sassaƙar da ke jikinsa ta bayyana: mayaƙi yana soka wa abokin gaba takobi a wuya, ga wani kwance a ƙasa, jijiyoyin jiki duk a fili, wasu layukan sai da gilashin ƙara girma ake ganinsu. Wanda ya yi gaggawar rubuta rahoto a watan farko da ya rubuta "tsakiya ɗaya" ya wuce. Irin wannan jinkirin halal ne. Amma lura, a 2017 an riga an buga dutsen da hotunansa, shekara biyu kacal. Kankarewa ba ta cin shekara arba'in.

Misalin da ya fi burge ni shi ne tsohuwar kasuwa kuma dandalin birnin Atina, wadda ake kira Agora, inda Makarantar Amurkawa ta Nazarin Tsohuwar Girka ta soma tono a 1931, aikin da ya sa aka rushe gidaje wajen 400. Tun daga farko suka ɗauki rubutawa da muhimmanci kamar haƙawa. Wata mata mai suna Lucy Talcott ta tsara yadda kowane abu zai samu lamba da kati, katin ya nuna littafin filin da aka rubuta shi da shafin, littafin kuma ya nuna ramin da zurfin. A 1932 suka kafa mujallar da za ta riƙa fitar da rahoton kowace shekara. Manyan mujalladan ƙarshe sun soma fita a 1953, yau sun haura talatin, har yanzu ba a gama ba. Shekara casa'in ke nan da ɗoriya, amma ba wanda zai kira wannan rowa, don littattafan filin da katunan da hotunan suna intanet, duk mai so ya duba.

Amfanin wannan aiki mai gajiyarwa yakan fito ta inda ba a zata ba. A 1977 Manolis Andronikos ya buɗe wani kabari a Vergina da ke arewacin Girka, ya samu akwatin zinariya da ƙasusuwa a ciki, ya ce na mahaifin Iskandar Mai Girma ne, Filibus na Biyu, wanda aka kashe a shekara ta 336 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Duniya ta ɗauka. Amma cikin kayan kabarin akwai wasu 'yan ƙananan kwanukan gishiri na yumɓu da ba mai ɗaukar hotonsu. Susan Rotroff, wadda ta ƙarar da rayuwarta kan tukwanen Agora, ta nuna cewa irinsu a Atina suna fitowa ne a hawan ƙasar da ya biyo bayan mutuwar Filibus. Wannan ya ƙarfafa masu cewa kabarin na ɗansa ne, Filibus na Uku, wanda aka kashe a 317. Har yau ana ta gardama, ni kuma ba ni da gefen da zan yanke wa hukunci. Abin da nake nunawa shi ne akwatin zinariya bai iya faɗin shekarunsa ba, sai da aka koma ga kwanon gishiri, kwanon kuma bai yi magana ba sai don wani ya rubuta daga wace rijiya 'yan uwansa suka fito.

Ga wani kuma da zai ba mai bin siyasa dariya. Mutanen Atina suna da al'adar jefa ƙuri'a don korar ɗan siyasa daga gari na shekara goma, kowa ya kankara sunan wanda yake so a kora a jikin tsingaro. A 1937 Oscar Broneer ya samu irin waɗannan ƙuri'u 190 a wata rijiya da ke gefen dutsen Akropolis, dukkansu ɗauke da sunan Themistokles, wani babban ɗan siyasar Atina. Da ya zauna ya kwatanta rubutun, harafi da harafi, sai ya ga hannu 14 ne kawai suka rubuta su duka. Ko dai wata ƙungiya ce ta tanadi ƙuri'u don rabawa, ko kuwa masu rubutu ne ke sayar wa waɗanda ba su iya ba. Shekara ɗaya bayan samun su ya buga. A ɗaya gefen birnin kuwa, a Kerameikos, Jamusawa sun tono irin waɗannan ƙuri'u wajen 9,000 a shekarun 1960, taskar da ta fi kowace girma, amma cikakken kundinsu sai 2018 ya fito.

Me ke jawo haka? Ba lalaci ba ne kawai. Tushen abin yana komawa ga yarjejeniyar 1874 tsakanin Girka da Jamus kan tonon Olympia, wadda ta ce kayan da aka samu na Girka ne, ba za a kwashe su ba kamar yadda aka saba a da. Doka ce mai kyau. Amma da aka hana baƙo tafiya da mutum-mutumi, ladan da ya rage masa shi ne ya zama farkon wanda zai buga. Daga nan haƙƙin bugawa ya rikiɗe ya zama dukiya, ana riƙe shi, ana kishinsa, malami ya bar wa ɗalibinsa gado. Sannan ga yadda ake raba yabo. Wanda ya buɗe kabari shi kyamara ke bi. Wadda ta yi shekara goma a ɗakin ajiya tana manna tsingaro da tsingaro, tana aunawa, tana zanawa, ba mai sanin sunanta. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. A tonon tsohon garin Olynthus, David Robinson ya yi saurin da ake yabo, mujalladi 14 tsakanin 1929 da 1952, amma daga baya aka gano cewa na bakwai kundin digirin ɗalibarsa Mary Ellingson ne ya ɗora sunansa a kai. Masu ba da kuɗi su ma sun fi son jin an gano sabon abu a kan jin ana wanke tsohon.

Gwamnati ba ta tsira daga wannan ba. A 2014, Girka na tsakiyar ƙangin bashi, aka soma buɗe babban tudun kabari na Amphipolis, mai kewayen kusan mita 500. Firayim Minista Antonis Samaras ya je da kansa, gidajen talabijin suka tare a wurin, kusan kullum sai an fitar da sabon hoto, jama'a na ta raɗe-raɗin ko wani na jikin Iskandar ne a ciki. Aka samu ƙasusuwan mutum aƙalla biyar. Aka yi ta sanarwa, masana na nesa kuma na ta jayayya kan shekarun ginin daga hotunan jarida. Sanarwa ga 'yan jarida ba ta biyan bashin da nake magana a kai, don ba a iya gwada ta. Abin da masani ke buƙata shi ne zanen hawan ƙasa, jerin tsingaro, da inda aka tsinci kowane.

Girka tana da doka. Ta 2002, mai lamba 3028, ta ba shugaban tono shekara biyar bayan kammala aiki ya fitar da cikakken rahoto, kuma a wannan wa'adi shi kaɗai ke da haƙƙin bugawa. Shekara biyar adalci ne, mutum ya sha rana ya cancanci ya riga kowa cin gajiyar guminsa. Matsalar ita ce yaushe ne tono ke "kammala"? Wanda ke komawa fili kowace bazara ya kankari ƙasa kaɗan zai iya cewa bai gama ba har ya tsufa. Da ni ake tambaya, da agogon ya soma bugawa daga ranar da abu ya fito daga ƙasa. Rubutu musamman, allo ne ko dutse ko papirus, a saki hotonsa cikin shekara biyu ko uku, mai tono ya ci gaba da sharhinsa a natse. In wani ya riga shi fahimta, ilimi ne ya ƙaru. Wanda kuma ake bin sa rahoton wuri ɗaya kada a ba shi izinin buɗe wani, komai girman jami'arsa.

Sai dai tsanani kan malamai kaɗai ba zai wadatar ba, don yawancin tonon da ake yi a Girka yau ba na jami'o'i ba ne. Na ceto ne, wanda ma'aikatan hukumar kayan tarihi ke yi a gaban katafila duk lokacin da za a yi hanya ko gini. Aikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin birnin Tasalonika, wanda aka soma a 2006 aka buɗe a ƙarshen Nuwamban 2024, shi kaɗai ya fito da abubuwa fiye da 300,000, har da babban titin birnin na zamanin Rumawa. Ma'aikacin da ya gama wannan rami gobe an tura shi wani, ba shi da watanni shida na zama da akwatuna. A irin wannan, tun ranar da ake rubuta kasafin kwangila ya kamata a ware kuɗin masu wankewa da masu zane da masu nazari da na bugawa, a kuma hana taɓa shi don wani abu, kamar yadda ba a taɓa kuɗin siminti da rodi.